WASIƘAR AKAWU DAGA ARGUNGU: SIGINAR DA TA ƘI MUTUWA

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙon ɗan filin nan da ka saba ba ni, domin in amsa wa wani malamin makaranta na Birnin Kebbi da ya aiko mini da takarda. Ya ce ya gaji babur wajen mahaifinsa, Yamaha XS650 ƙirar 1978, wanda ya yi shekara da shekaru jingine a zaure. Ya tashe shi, inji na aiki sarai, amma abu guda ya gagara. A da, in an kunna sigina aka sha kwana, ita da kanta ta ke mutuwa. Yanzu kuwa sai ta yi ta ƙyaftawa har a kai gida. Mai gyara ya ba shi shawara a datse wayoyin nan duka, a sa filasha irin ta baburan kabu-kabu, a huta. Shi ne ya ke tambaya ko ya yarda.

Malam, kada ka yarda tukuna. Bari in faɗa maka dalili, sa'an nan in nuna maka hanyar bincike.

Baburan zamanin Turawa, irin su BSA na Ingila, ba su da sigina ko kaɗan. Mahayi ya kan miƙa hannu, in ya sha kwana ya janye, ba kuwa mai manta hannunsa a miƙe. Da fitila ta maye gurbin hannu sai mantuwa ta samu ƙofa. Mota ba ta da wannan damuwa, gama sitiyari da kansa ya ke mai da makunni sa'ad da ya ke komowa daidai. Amma babur karkata ya ke yi a kwana, kansa ba ya juyawa sai ɗan kaɗan, saboda haka dabarar mota ba ta yi masa. Don haka a ƙarshen shekarun 1970 masu ƙera Yamaha suka sa wa manyan baburansu wani ɗan akwati mai lissafi. Abu biyu ya ke ƙirgawa, lokaci da nisa. Ba ya kashe sigina sai daƙiƙa 10 sun cika, an kuma ci mita 150, dukansu biyu.

To, mai ilmin lissafi ya duba. Mita 150 cikin daƙiƙa 10 gudun kilomita 54 ke nan a sa'a guda. Wanda ke tafiyar kilomita 30 cikin gari sai ya yi daƙiƙa 18 kafin ta mutu. Wanda ya tsaya cik a mararraba yana jiran hanya kuwa, tasa ba za ta mutu ba ko zai wuni, kuma daidai ke nan, gama bai sha kwanar ba tukuna. Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Su kafe babur a tsakar gida, su kunna sigina, su zura mata ido, su ce ta lalace, alhali lafiyarta lau. Ba a gwada ta sai a kan hanya.

Watakila wani ya ce, duk wannan wahala a kan 'yar fitila? Jama'a, siginar da aka manta a kunne ƙarya ta ke yi da sunan mai babur. A ce kana tafe kan hanyar Birnin Kebbi, siginar dama na ƙyaftawa tun daga cikin gari ba ka sani ba. Ga babbar mota cike da buhunan shinkafa tana jira a bakin wata hanya ta hannun damanka. Direba ya ga fitilarka, ya gaskata ta, ya ɗauka nan za ka shiga, ya fito. Kai kuwa miƙewa za ka yi. Wa za a ba laifi? Da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Babur marar sigina ya fi mai siginar ƙarya aminci, domin shi kowa na shakkarsa.

Ga yadda za a bi, ɗaya bayan ɗaya, kada a tsallake.

Da fari a tabbata batir cike ya ke, ƙwayayen fitila huɗun nan kuma masu ƙarfin da aka rubuta ne. Ƙwayaye na zamani marasa cin wuta su kan rikita tsohuwar filasha.

Na biyu, a duba filashar kanta a ƙirga ƙafafunta. Ta asali ƙafa uku gare ta. Ta ukun ita ce kunnen da ta ke jin umurnin akwatin lissafi da shi, ta wata waya ruwan ɗorawa mai ratsin kore. In ka tarar da mai ƙafa biyu, wayar nan kuma tana lilo ko an naɗe ta da salatif, to, wani ya riga ka, ka kuwa gano ciwon. Akwati na ba da umurni, babu mai ji.

Na uku, a hau a duba agogon da ke nuna gudu. Cikinsa akwai wani ɗan makunni siriri da maganaɗisu ke buɗewa yana rufewa yayin da kebur ɗin da ya taso daga tayar gaba ke juyawa. Da wannan buɗewa da rufewa akwati ke sanin nisa. In allurar agogo ba ta motsi, kebur ya tsinke, akwati kuwa zai ɗauka har yanzu kana tsaye. Haka nan in an taɓa canja agogon da wani wanda ba shi da wayoyin nan biyu a bayansa.

Na huɗu, a zare soket ɗin akwatin, a gwada sigina hagu da dama. In tana ƙyaftawa daidai, ƙwayaye da wayoyinsu sun fita zargi. Sai a ari na'urar awon lantarki wajen masu gyaran rediyo, a ɗora bakinta guda kan farar waya mai ratsin kore, guda kan baƙa, a sa yaro ya juya tayar gaba a hankali. In allura na kai da komo, makunnin cikin agogo na da rai. In ta tsaya wuri ɗaya, ko shi ya mutu ko wayarsa ta yanke a hanya. Daga nan a gwada ruwan ɗorawa mai ratsin ja, wadda ke gaya wa akwati ya soma ƙirga daga farko: ta haɗu da jikin babur sa'ad da aka tura makunni hagu ko dama, ta rabu in an kashe. A kuma tabbata waya ruwan ƙasa na kawo wuta in an murɗa makulli, baƙa kuma ta kama ƙarfe sosai.

Sai duk waɗannan sun fita lafiya za a tuhumi akwatin. Sau da yawa ba a kai nan. Babur da ya daɗe a ɗaki a ƙasarmu ta fadama, laimar damina ta sa bakin wayoyinsa tsatsa, ƙurar hunturu ta cika soket, ɓera ya ci rabonsa, zanzaro ya yi gini a cikin kwanon fitila. Yawancin ciwon ɗan samfefa da haƙuri ke warkar da shi, ba almakashi ba.

In kuwa akwatin ne ya mutu, ba a kuma sami wani ba, babu laifi a sa filasha mai ƙafa biyu. Amma da sharaɗi biyu. Kada a yanke waya ko guda, a naɗe bakinta a ajiye, domin wata rana a dace da kayan. Sa'an nan mahayi ya saba wa babban yatsansa danna makunni ciki bayan kowace kwana, har ya zame masa jiki.

Ina roƙon 'yan'uwanmu masu gyara, kafin su datse wayar da ba su san aikinta ba, su tambaya. Wanda ya ƙera abin nan bai sa ta don ado ba, tambaya kuwa ba ta rage darajar gwani. Kai kuma Malam, sannu ba ta hana zuwa. Ka bi matakan nan da littafi a hannu, kana rubuta launin kowace waya kafin ka zare ta, ka aiko mana da labarin abin da ka tarar domin wasu su ƙaru.

Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gidansa lafiya, amin. Haza wassalam.

Ni ne naka,
Akawu, Argungu.