Wankin saiwar haƙori da lazer: mu yi tambaya kafin mu buɗe baki

Ciwon haƙori yana hana manomi zuwa gona, yana hana mace daka. Da yawa daga cikinmu magani ɗaya muka sani: a cire haƙorin, a huta. Amma akwai wani aiki da likitan haƙora ke yi domin haƙori ya zauna a bakin mai shi. Sunan aikin wankin saiwa.

Haƙori yana da saiwa kamar itace. A cikin saiwar akwai wata siririyar hanya inda jijiya take. Idan ruɓa ta ci haƙori har ta kai can, ƙwayoyin cuta suna shiga, jijiya ta mutu, kumburi ya taso. Sai likita ya huda haƙorin, ya fitar da mataccen naman, ya wanke hanyar, sa'an nan ya cike ta ya toshe.

Ruwan da ake wankin da shi ba baƙonmu ba ne. Dangin jabel ne, wanda mata ke sa ma tufafi, wanda ake ɗiga ma ruwan wankin salati. Ƙarfinsa galibi tsakanin kashi 1 ne da kashi 6 cikin 100. Yana kashe ƙwayoyin cuta, yana narkar da mataccen nama. Amma mu riƙe wannan da kyau: jabel bai san mataccen nama da rayayye ba. Duk wanda ya taɓa sai ya ƙone shi.

Da sirinji aka saba zuba wannan ruwa. Yanzu akwai wata na'ura mai suna lazer. Haske ne mai ƙarfi, an fara ƙera shi a Amurka a shekara ta 1960. Likita yana cika ramin haƙori da ruwan, ya sa bakin na'urar a ciki. Hasken yana bugawa sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya. Kowane bugu yana tayar da kumfa, kumfar ta fashe, ruwa ya yi ta tsalle yana shiga lungu-lungun saiwa. Ƴan uwanmu masu zuwa neman magani Tunisiya, Maroko, Masar ko Turkiya suna iya tarar da ita, kuma tallarta tana zuwa mana a wayar salula da kalmomi masu daɗi.

Ba mu ce na'urar banza ce ba. An gwada ta a kan haƙoran da aka riga aka cire, an ga tana wanke lungun da sirinji ba ya kaiwa. Sai dai har yanzu bincike bai tabbatar da cewa haƙorin da aka wanke da ita ya fi saurin warkewa ba.

Mai lambu ya san abin da muke nufi. Wanda ke ban ruwa da guga yana ganin inda kowane ɗigo ya tafi. Wanda ya tayar da inji kuwa, in bai lura ba, ruwa ya fasa kunya ya kwanta inda ba a so. To, a ƙarshen saiwar haƙori ma akwai wata ƴar ƙofa da ta buɗe cikin ƙashin muƙamuƙi. Idan an tura ruwan da ƙarfi har ya wuce wannan ƙofa, mutum yana jin zafi kamar wuta nan take, ko da an yi masa allurar kashe zafi. Kunci ya kumbura cikin mintoci, jini ya fito daga ramin, fatar fuska ta yi baƙi-baƙi kamar an buge ta. Yawanci kumburin yana saɓewa cikin makonni. Amma wani leɓensa yana mutuwa watanni, saboda ruwan ya taɓa jijiyar haɓa. In kuwa haƙorin sama ne na ciki, ruwan yana iya faɗawa kogon da ke bayan kunci, mutum ya ji warin jabel a hanci.

Gaskiya ita ce wannan haɗari ba ya yawan faruwa, kuma tun kafin lazer an san shi, da sirinji ma yana aukuwa. Abin da ya bambanta su shi ne lazer sai an saita ƙarfinta daidai, kuma sai wanda ya koye ta. Ga kuma zafin da take iya sa ma saiwa in an daɗe ana bugawa. Ga ido: hasken yana lahanta shi, don haka likita da mataimakinsa da marar lafiya kowa sai ya sa tabarau na musamman.

Yara ne suka fi ba mu tsoro. Ƙofar saiwa ba ta rufewa sai wajen shekara 3 bayan fitowar haƙori. Turmin farko na manya yana fitowa yaro na da shekara 6, saiwarsa ba ta kammala sai ya kai 9 ko 10. Kafin nan ƙofar a buɗe take warai. Haka ma haƙorin babba wanda tsohon ciwo ya cinye ma bakin saiwa.

Ra'ayinmu shi ne kada sunan na'ura ya sa mu kasa magana, ko mu ƙara kuɗi a kan abin da ba mu gane ba. Mun saba jin nauyin likita, muna ganin tambaya rashin kunya ce. Ba haka ba ne, bakinmu ne. Mu ce: likita, an ɗauki hoton haƙorin, an auna tsawon saiwar? Ƙofarta a rufe take? Za a kewaye haƙorin da ƙyallen roba don kada ruwan ya zuba a baki? Likitan da ya amsa waɗannan da natsuwa, ko da sirinji yake aiki, ya fi mana wanda ke nuna na'ura ba ya bayani.

Kada kuma wani ya karanta wannan ya ce tunda jabel ne, bari ya ɗiga ma kogon haƙorinsa a gida. Mun san ana sa ruwan batir, ana danna asfirin ko kanwa. Duk suna ƙona dasashi, ruɓar kuwa tana nan daram.

Wanda aka yi ma wankin saiwa, ɗan ciwo na kwana 2 ko 3 ba abin damuwa ba ne. Amma in fuska ta kumbura farat ɗaya, ko leɓe ya mutu bai dawo ba har washegari, a koma wurin likita ran nan. In haɗiya ko numfashi ya yi wuya, a kai shi asibiti ko da tsakar dare ne.