Zafin Injin Tsohuwar Mota: An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Jama'a, akwai wata al'ada da ta zama ruwan dare a garejojinmu. Da zarar tsohuwar Land Rover ko Land Cruiser ta fara zafi, sai bakanike ya ce wa mai ita, "Alhaji, a cire tamostat, ai don ƙasashen sanyi aka yi shi." A nawa ra'ayin, wannan kuskure ne babba.

Shi dai tamostat ƙofa ce ƙarama tsakanin injin da lagireto. Yakan kasance a rufe har ruwa ya kai wajen digiri 82 zuwa 88 a ma'aunin Salshiyos, sannan ya buɗe. A injina da yawa, idan ya buɗe yakan toshe wata gajeriyar hanya da ruwa ke bi ya koma injin kai-tsaye. To, in an cire shi, wani ɓangare na ruwan zai riƙa zagayawa bai shiga lagireto ya huce ba. Ga shi kuma da safe injin zai daɗe bai ɗumama ba, ya sha mai, ya ci kansa.

To, ina ainihin cutar take? Waɗannan motoci don daji aka ƙera su, tun daga Land Rover ta farko a 1948. A cikin yashi ko taɓo, motar tana tafiya a hankali cikin giya mai nauyi, injin na aiki tuƙuru, iska kuwa ba ta shiga sosai, sai abin da fanka ta jawo. Idan fambel ya saki, ko laka da ciyawa suka toshe ramukan lagireto, dole zafi ya tashi.

Na biyu shi ne ruwan da muke zubawa. Ruwan rijiya yana barin tsatsa da ɓarɓashin gishiri da ke toshe bututai. Na uku, murfin lagireto. Ruwa yana tafasa a digiri 100, amma murfi mai kyau yana riƙe matsi ya ɗaga wannan zuwa wajen 120. In robarsa ta mutu, ruwa zai tafasa da wuri.

Wani zai ce kuɗi ne babu. Gaskiya ne, amma kuɗin murfi, da fambel, da ruwan sanyaya injin na kanti, ba su kai rabin kuɗin gaskit da ya ƙone ko kan injin da ya lanƙwashe ba. Balle a ce motar ta mutu da majinyaci a ciki, nesa da gari.

Saboda haka, 'yan'uwana ɗalibai, mu da ke shiga ƙauyuka neman bayanan bincike, mu tunatar da direbobinmu: in tamostat ya lalace a sa sabo, a wanke lagireto, kuma kada a buɗe murfi injin na da zafi, domin tururin yana ƙona fuska. Allah Ya kai mu lafiya, amin.