Kafin ka sake cika gas ɗin AC, tambayi ina na baya ya tafi

Afrilu ya kama, zafin Kano ya haura digiri 40, kai kuma kana cikin tsohuwar Corolla ɗinka 'yar Kwatano, AC na hura maka iska mai ɗumi. Sai ka tsaya wajen mai gyara: "Malam, a ƙara gas." Bayan mako uku ka sake dawowa.

Gas ɗin AC fa ba fetur ba ne, ba ya ƙonewa. Zagaye yake yi cikin bututu a rufe. In ya ragu, to yoyo yake: ko robar mahaɗa ta bushe, ko tsakuwa ta huda kondensa a gaban lagireto. Ka ce a nemo wurin da ruwan sabulu, a gyara, a zuƙe iskar ciki da inji, sannan a cika. Wanda ya ce maka ba sai an yi haka ba, kwastoman kullum yake nema.

Man da ke shafe kwamfaresa tare da gas yake yawo. Ka ci gaba da kunna AC ba isasshen gas, ranar da kwamfaresa ta ƙone za ka gane kuɗin cikon wasa ne.

Duba takardar da ke manne ƙarƙashin bonet. Yawancin motocin kafin 1994 R-12 suke sha, na bayansu R-134a; kar a gauraya maka. Gas mai araha marar suna kuwa, wani irinsa kama wuta yake yi, kuma ƙanwarka ce a kujerar gaba.