SHARHI: Kuɗin wutar ABU da aljihun ɗalibi, jarrabawar da ke gaban Farfesa Adamu Ahmed

A watan Oktoban 2025, lokacin da Jami'ar Ahmadu Bello ta cika shekara 63 da kafuwa, shugabanta Farfesa Adamu Ahmed ya shaida wa manema labarai cewa jami'ar tana kashe kusan naira biliyan 4 a shekara kan wutar lantarki kaɗai. Wasu sun ɗauki maganar a matsayin kukan da shugabannin jami'o'i suka saba yi. Amma ɗalibin da ke haya a Samaru, da mahaifin da ke aiko masa da kuɗin abinci daga Giwa ko Funtuwa, adadin ya shafe su kai tsaye, domin duk nauyin da baitulmali ya kasa ɗauka, ƙarshensa yakan faɗo a kan takardar rajista.

Tun 1977 gwamnatin tarayya ta soke kuɗin koyarwa ga ɗaliban digirin farko a jami'o'inta, kuma har yau manufar tana nan a rubuce. Abin da ɗalibi ke biya shi ne kuɗin rajista, da na jarrabawa, da asibiti, da ɗakin karatu, da gadon kwana. Gwamnati na biyan albashi, asusun TETFund na gina azuzuwa da ɗakunan gwaje-gwaje, amma abin da ake warewa don wuta da ruwa da man janareto da shara bai taka kara ya karya ba. Wannan giɓi ne ke tilasta wa majalisun gudanarwar jami'o'i su waiwayi ɗalibai.

Giɓin ya ƙara faɗi cikin shekara guda. A ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki. A watan Afrilun 2024 hukumar kula da wutar lantarki ta ɗaga farashin rukunin A daga naira 68 zuwa 225 a kowane ma'auni, kafin a ɗan rage shi daga baya. Jami'a mai harabobi a Samaru da Kongo da Shika, mai ɗakunan kwana da gidajen ma'aikata da matatar ruwa ta kanta, ba ta da hanyar kauce wa irin wannan ƙari.

Kowa ya nemi mafita ta hanyarsa. Jami'ar Bayero ta Kano da ta Legas sun ƙara kuɗin rajista a wannan tsakani, har gwamnatin Kano ta ware naira miliyan 700 don biya wa ɗalibai 7,000 'yan jihar da ke Bayero. A Kaduna kuwa, Gwamna Uba Sani ya rage kuɗin makarantun jiha a watan Agustan 2023: jami'ar jihar daga naira 150,000 zuwa 105,000, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Nuhu Bamalli da ke Zariya daga 100,000 zuwa 50,000. Sai dai gwamna yana da baitulmalin da zai cike gurbi da shi. Shugaban jami'ar tarayya ba shi da haraji, kuma ba shi ne ke tsara kasafi a Abuja ba.

Zariya ta fi kowane gari sanin haɗarin taɓa cikin ɗalibi. A watan Afrilun 1978 hukumar kula da jami'o'i ta ƙara kobo 50 a kan kuɗin abincin ɗalibai na yini, daga naira ɗaya da rabi zuwa naira biyu. Ɗalibai a faɗin ƙasa suka fito suna neman a sauke kwamishinan ilimi na tarayya, Kanar Ahmadu Ali, sojoji kuma suka harbe ɗalibai a Samaru. A shekarar ne Farfesa Iya Abubakar ya bar kujerar shugabancin jami'ar. Shekara takwas bayan haka, jerin gwanon tunawa da waɗanda aka kashe ya haifar da sabon rikici da hukumar jami'a, 'yan sanda suka buɗe wuta ranar 23 ga Mayun 1986, Farfesa Ango Abdullahi ma ya sauka a wannan shekarar. Duk wanda ya hau kujerar ya gaji wannan tarihi.

Abin da ya bambanta yau da wancan zamani shi ne rancen ɗalibai. Asusun NELFUND ya buɗe karɓar buƙatu a watan Mayun 2024. Yana biyan kuɗin makaranta kai tsaye ga jami'a, yana ba ɗalibi naira 20,000 a wata na kashewa, babu ruwa a kan bashin, kuma sai shekara biyu bayan hidimar ƙasa ake fara cirar kashi 10 cikin ɗari na albashi. Rashin kuɗin ruwa ya kawar da shakkun da iyaye Musulmi ke da shi, kuma ɗaliban Arewa na sahun gaba cikin masu nema. Babu shakka shirin ya hana wasu ajiye karatu.

Amma rancen yana da wata illa da ba a cika faɗa ba. Idan asusu ne ke biya, jami'a na iya ƙara kuɗi ba tare da an ji ihu a bakin ƙofa ba, domin zafin ba zai zo ba sai bayan shekaru, lokacin da matashin ke neman aiki a ƙasar da mafi ƙarancin albashinta naira 70,000 ne. Shugaban da ya dogara da rance don daidaita lissafinsa ya ɗage wahalar ɗalibi ne zuwa gaba, da sunan sauƙaƙawa.

To mene ne ke hannun shugaban jami'a? Na farko wuta. Tun 2019 Jami'ar Bayero ta samu tashar hasken rana mai ƙarfin megawat 7.1 ƙarƙashin shirin hukumar samar da lantarki a karkara. ABU tana da fili, tana da tsangayar injiniya, tana da tsofaffin ɗalibai a kusan kowace ma'aikatar tarayya. Kowace naira da aka rage daga takardar kamfanin wuta, an rage ta ne daga abin da za a nema a wurin ɗalibi. Sanya mita a gidajen ma'aikata da shagunan cikin haraba, kowa ya biya abin da ya sha, aiki ne da ba ya jiran izinin Abuja.

Na biyu gado. Ɗakunan kwana irin su Suleiman da Danfodiyo da Amina da Ribadu an gina su ne lokacin da ɗalibai ba su kai yawan na yau ba. Wanda bai samu gado ba sai ya nemi haya a Samaru, ko Hayin Dogo, ko Zango, ko Palladan, ya biya mai gida, ya sayi ruwa, ya hau babur safe da yamma. Ga ɗalibai da yawa wannan ya fi kuɗin rajista nauyi. Gidauniyar Dangote ta gina wa jami'ar rukunin ɗakunan kwana a sabuwar harabarta, abin da ya nuna ana iya samun taimako daga waje. Farfesa Ahmed masanin tsara birane ne, kuma ya taɓa jagorantar sashen da ke nemo wa jami'ar tallafi, don haka a wannan fage ne ya fi cancanta a yi masa hisabi.

Na uku lokaci. Yajin aikin ASUU ya cinye wata tara a 2020 da wata takwas a 2022. Kowane zango da ya zarce ƙa'ida sabon kuɗin haya ne, kuma jinkiri ne ga ranar fara neman na kai. Shugaban jami'a ba shi ke sasanta ASUU da gwamnati ba, amma fitar da sakamako a kan kari da tura sunaye zuwa hidimar ƙasa ba tare da ɓata lokaci ba suna ƙarƙashin ofishinsa.

Na huɗu bayyana lissafi. A 2025 hukumar ICPC ta buɗe bincike kan zargin cewa wasu makarantu a ƙasar nan sun yi wasa da kuɗin rancen ɗalibai. Jami'ar da ke wallafa abin da ta karɓa daga asusun, da ranar da ta mayar wa waɗanda suka riga suka biya da kansu, da abin da kowane kaso na kuɗin rajista ya yi, ta kare kanta daga zargi. Ƙungiyar ɗalibai kuma tana da haƙƙin zama a teburi kafin a yanke kowane ƙari, domin ba a yi wa mutum aski a bayan idonsa.

Sardauna ya kafa wannan jami'a a 1962 don ɗan manomi da ɗan makiyayi su samu abin da iyayensu ba su samu ba. Farfesa Ahmed ya kama aiki ranar 1 ga Mayun 2025, wa'adinsa ɗaya ne na shekara biyar. Kafin 2030 ɗalibai da iyayensu za su iya auna shi da tambayoyi masu sauƙi: nawa kuɗin wuta ya koma, gado nawa aka ƙara, shekara nawa digirin shekara huɗu ya ɗauka, kuma bashin nawa ɗalibi ya fita da shi daga Samaru.