A Kawo Ɗaliban Noma Kasuwar Wudil

Edita,

Ka ba ni fili a jaridarmu mai farin jini in yi kira ga Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Aliko Dangote da ke nan Wudil, wadda aka buɗe a 2001.

Yadda aka saba tsara digiri na biyu a fannin kasuwancin amfanin gona shi ne, a yi kamar shekara guda a aji ana lissafi da tattalin arziki, sannan ɗalibi ya rubuta kundin bincike. To madalla. Amma ina kasuwar take a cikin tsarin?

Ga kara nan a gindinsu, duk Juma'a ana loda shanu zuwa Kudu. Ina roƙon a ware zango guda ɗalibi ya zauna da dillalai, ya ga yadda ake ciniki, la'ada da kuɗin mota. Ya kuma leƙa bakin kogi wajen manoman rani, waɗanda tumatirinsu ke ruɓewa in kaya sun yi yawa. Ni kaina bara na zubar da kwando shida!

In ya gama binciken, don Allah ya dawo ya faɗa mana da Hausa.

Naka,
Wani ɗan gwari,
Kasuwar Wudil.