Tsohon Tauraro Ko Yaron Gida?

Ɗan wasan da kwantiraginsa ya ƙare ba kyauta ake samunsa ba, ko da ba a biya tsohon kulob ɗinsa ko sisi ba. Albashi da kuɗin sa hannu suna nan suna jira. A 2021 Ahmed Musa ya dawo Kano Pillars bayan ya bar Al-Nassr ta Saudiyya, gari ya ɗauka, amma cikin 'yan watanni ya wuce Turkiyya, a 2022 kuma Pillars ta faɗa rukuni na biyu. Ba laifinsa ba ne. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dawowarsa tare da Shehu Abdullahi ɗan Sakkwato a 2024 ta faranta mini rai, sai dai Remo Stars ce ta ci kofin lig na 2025, kulob ɗin da ya zuba dukiya wajen rainon yara a Ikenne. Shi ya sa nake roƙon Sokoto United ta rage hangen manyan sunaye. Albashin tauraro guda zai riƙe samari da dama daga filayen Horo Birni, Boɗinga da Shagari, a ba su koci, abinci da takalma, a gwada su a filin Giginya.