Lokacin Haraji: Wa Zai Duba Lafiyar Masu Duba Lissafi?

Kowace shekara, daga ƙarshen watan Disamba har zuwa ƙarshen watan Yuni, akwai wani rukunin ma'aikata a ƙasan nan waɗanda ranakun Asabar da Lahadi kan ɓace musu ƙurmus. Waɗannan su ne akantoci da masu binciken lissafin kuɗi da akawunan kamfanoni, watau mutanen da ke shirya takardun da ake miƙa wa hukumomin haraji. Wanda ya bi ta gaban ofisoshinsu a Kano ko Kaduna ko Funtuwa ran Lahadi da dare a irin wannan lokaci zai ji ƙarar janareto, ya ga fitila a kunne, alhali sauran ma'aikata na can gida cikin iyalinsu. An daɗe ana ɗaukar wannan hali a kan cewa haka aikin ya gada. To amma tun da sababbin dokokin haraji sun ƙara tsananta hukuncin wanda ya makara, ya kamata a tsaya a duba wanda wahalar take faɗa wa, da kuma abin da doka ta tanada masa.

Abin da ke jawo cunkoson aikin ba ɓoyayye ba ne, domin a rubuce yake. Duk mai ɗaukar ma'aikata dole ne ya miƙa wa hukumar tara kuɗin shiga ta jiharsa cikakken bayanin albashin da ya biya da harajin da ya yanka a shekarar da ta wuce, kafin ƙarshen ran 31 ga Janairu. Ɗaiɗaikun masu biyan haraji kuwa wa'adinsu ran 31 ga Maris ne. Kamfanoni an ba su wata shida daga ranar da suka rufe littattafansu na shekara, kuma da yake galibinsu a ƙarshen Disamba suke rufewa, sai wa'adinsu ya taru ya faɗa ran 30 ga Yuni. Bayan waɗannan akwai harajin VAT wanda ake kai bayaninsa kowane wata kafin ran 21 ta wuce. A watan Yuni na 2025 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan sababbin dokokin haraji guda huɗu, aka tsayar da ran 1 ga Janairu, 2026 don fara aiki da su. A ƙarƙashinsu, wanda ya kasa kai bayaninsa a kan lokaci za a ci shi tarar naira 100,000 a watan farko, sannan naira 50,000 a kowane watan da ya biyo baya. Ɗan kasuwar da ya ji wannan, ba shakka akantansa zai juya wa ya matsa.

Yadda abin yake a da

Mutanen ƙasar Funtuwa da Malumfashi ba baƙin aikin lissafi mai lokaci ba ne. A zamanin En'e, da zarar an kawar da amfanin gona sai malaman haraji su duƙufa, dagatai su tattara kuɗi su kai wa hakimi, watau Sarkin Maska a Funtuwa ko Galadima a Malumfashi, daga can kuma a wuce da su baitulmali a Katsina. A daidai wannan lokaci ne kuma ake buɗe fulotan auduga, inda akawuna da ma'auna kan wuni suna rubuta nauyi da kuɗi, manyan motoci na jigila zuwa injin gurza na kamfanin BCGA, wanda mutanenmu suka fi sani da Bisije. Wannan aiki ma bai san Lahadi ba. Amma yana da farko yana da ƙarshe. In an rufe kasuwar auduga, an kuma cike haraji, akawu kan sami sararin numfasawa, ya gyara gonarsa kafin ruwa ya sauka.

Wannan tsari ya rushe cikin 'yan shekaru kaɗan. A 1979 Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa ya soke haraji da jangali a Jihar Kaduna, wadda Funtuwa ke cikinta kafin a ƙirƙiro Jihar Katsina a 1987. Daga 1981 shekarar kuɗi ta gwamnati ta bar farawa a watan Afrilu ta koma Janairu. A 1986 kuma aka rushe hukumomin cinikin amfanin gona, har da Hukumar Auduga ta Nijeriya wadda hedkwatarta ke nan Funtuwa, cinikin ya koma hannun 'yan kasuwa da kamfanoni. Kowane ɗayansu kuwa, in ya yi rajista, yana bukatar littattafan kansa da akantan da zai sa masa hannu. Da haka aikin lissafi ya tashi daga ofis guda na hukuma ya bazu cikin ƙananan ofisoshi masu zaman kansu, waɗanda ba wanda ke leƙa yadda ma'aikatansu suke kwana da tashi.

Dubi yadda shekarar ƙaramin akanta take tafiya yanzu a wannan yanki. A ƙarshen Disamba yana cikin sito yana ƙidayar buhunan masara da waken suya da dilolin auduga, cikin ƙura da sanyin hunturu, domin ba a rufe littafi sai an san abin da ya rage a ajiye. Janairu na takardun albashi ne. Maris na ɗaiɗaikun 'yan kasuwa ne, ga zafin bazara ga ɗaukewar wutar lantarki, kuma a 2025 kusan watan gaba ɗayansa cikin azumi aka yi shi. Kafin ya farfaɗo sai ga Mayu da Yuni na kamfanoni, daidai lokacin shuka da noman farko. A ƙasar da malamin makaranta da akawu da ɗan sanda kowa ke da 'yar gonarsa wadda yake kula da ita ran Asabar da Lahadi, wanda aka tsare a ofis a watan Yuni ya yi asarar abincin gidansa na shekara, ko kuma ya biya 'yan ƙwadago daga albashin da dama bai ishe shi ba. Ban da wannan, ɗaurin aure da gaisuwar mutuwa da ziyarar iyaye duk a ƙarshen mako aka fi yin su, kuma mutumin da ba a ganinsa a irin waɗannan wurare wata shida a jere, mun san abin da jama'a za su ce da shi.

Giɓin da ke cikin doka

Dokar Ƙwadago ta 1974, wadda ake aiki da ita har yanzu, ta yi magana a fili a sashe na 13. Ta ce a cikin kowane kwana bakwai ma'aikaci yana da hakkin hutun kwana guda, wanda bai gaza sa'a 24 a jere ba. In an rage masa wannan hutu, to a rama masa cikin kwana 14, ko kuwa a biya shi kuɗin aikin bayan lokaci. Ta kuma ce wanda zai yi aikin sa'a shida ko fiye a yini, a ba shi hutun da bai gaza sa'a guda ba a tsakani.

Sai dai kuma da aka zo sashe na 91, inda aka fassara wanda ake nufi da ma'aikaci, sai aka ambaci mai aikin ƙarfi da mai aikin akawu, aka fitar da masu aikin gudanarwa da masu aikin ƙwarewa. Ma'anar wannan ita ce, akawun da ke rubuta rasit doka ta kare shi, amma akantan da ke zaune a teburi na gaba da shi, wanda ya fi shi daɗewa a ofis, ba abin da ya kare shi sai abin da aka rubuta a takardar ɗaukarsa aiki. Waɗanda suka tsara dokar sun ɗauka cewa ƙwararre yana da bakin da zai yi ciniki da maigidansa. Wataƙila haka ne a 1974, sa'ad da ƙungiyar akantoci ta ICAN, wadda aka kafa da doka a 1965, ba ta cika shekara goma ba, akantoci kuma ana nemansu ruwa a jallo. Yau kuwa jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha na yaye masu takardar ilmin akanta kowace shekara fiye da guraben da ke akwai. Yaron da yake neman a sa masa hannu a kan shekarun koyon aikinsa domin ya cika sharaɗin ICAN ko ANAN, da wane baki zai ce ba zai zo ran Lahadi ba? Akawun da doka ta kare shi ma, sau nawa jami'in ƙwadago ya taɓa shiga ofishinsu ya tambayi littafin sa'o'in aiki?

Abin da likitoci suka gano

Lafiya uwar jiki, in ji masu iya magana, kuma binciken masana ya tabbatar da wannan da alƙaluma. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya suka fitar da wani rahoto na haɗin gwiwa, inda suka ƙiyasta cewa a shekarar 2016 kaɗai mutum 745,000 sun mutu a duniya da shanyewar ɓarin jiki da ciwon zuciya saboda doguwar sa'ar aiki. Sun ce mai aikin sa'a 55 ko fiye a mako, haɗarin shanyewar ɓarin jiki gare shi ya ɗara na mai aikin sa'a 35 zuwa 40 da kashi 35 cikin ɗari, haɗarin mutuwa da ciwon zuciya kuma da kashi 17 cikin ɗari. Wanda ya yi sa'a goma kullum daga Litinin zuwa Jumma'a, ya ƙara da rabin yinin Asabar, ya riga ya taka wannan iyaka tun bai shiga Lahadi ba.

A watan Yuli na 2024 wata matashiyar akanta 'yar shekara 26 ta rasu a birnin Pune na ƙasar Indiya, wata huɗu kacal da kama aiki a reshen ɗaya daga cikin manyan kamfanonin akantoci huɗu na duniya. Mahaifiyarta ta rubuta wa shugaban kamfanin wasiƙa tana cewa aikin dare da na ƙarshen mako ne ya kassara 'yarta. Kamfanin bai yarda cewa aiki ne sanadi ba, amma maganar ta yi ƙarfi har ma'aikatar ƙwadago ta ƙasar ta buɗe bincike. A nan wajenmu, in magidanci ɗan shekara arba'in ya yanke jiki ya faɗi da hawan jini, mukan ce kwana ne ya ƙare, kuma gaskiya ne. Amma yarda da ƙaddara bai hana a tambayi sanadi ba.

Masu ofisoshin akanta suna da tasu hujja, kuma adalci ne a saurare ta. Sukan ce rabin abin da suke samu a shekara cikin waɗannan watanni yake shigowa, kuma ba za su iya ɗaukar ma'aikatan da za su zauna zaman banza daga Yuli zuwa Nuwamba ba. Sukan ƙara da cewa laifin na masu dukiya ne. Attajirin da ya yi cinikin hatsi na miliyoyin naira tsakanin Dandume da Dawanau sai ya zo saura kwana goma wa'adi ya cika, da rasitai cunkushe cikin buhu, wasu cinikin ma a ka kawai yake riƙe da su, ya ce a gama masa. Ba a fafe gora ranar tafiya, amma haka ake yi kowace shekara. Ga kuma na'urar karɓar bayanin haraji ta intanet, wadda hukumar tarayya ta soma aiki da ita a 2021, takan yi nauyi in kowa ya afka mata a kwanakin ƙarshe, har ya zama sai tsakar dare ake samun shiga. Duk wannan gaskiya ne. Abin da bai dace ba shi ne a tattara sakacin attajiri da tsimin mai ofis da raunin na'ura a ɗora wa ƙaramin ma'aikaci shi kaɗai, ba ko sisin kwabo a kai.

Ita ma gwamnati tana da asara a ciki. Idon da ya kwana uku bai runtsa ba shi ke tsallake sifiri, shi ke kuma sa hannu a kan lissafin da bai duba ba. Bayanin haraji mai kuskure ko dai ya rage wa baitulmali kuɗi, ko ya jawo wa ɗan kasuwa tara da shari'a. Yanzu da aka buɗe tashar sauke kaya ta kan tudu a Funtuwa a 2024, ana kuma fatan kamfanonin fitar da amfanin gona su ƙaru, bukatar lissafi mai inganci a wannan yanki gaba za ta yi.

Mafita

Abin da ya fi sauƙi shi ne ƙungiyoyin ICAN da ANAN, waɗanda ke ba da lasisin buɗe ofis, su sa sharaɗi a kan duk ofishin da ke horar da ɗalibansu: kwana guda na hutu a kowane mako ko da aiki ya kai inda ya kai, kuma duk Asabar ɗin da aka ci a rubuta ta, a rama ta da hutu ko da kuɗi bayan ran 30 ga Yuni. Wannan ba ya bukatar a jira Majalisar Tarayya. Ita kuma majalisar, in ta zo gyaran Dokar Ƙwadago, ta faɗaɗa hakkin hutun mako ya haɗa da ƙwararrun da ke karɓar albashi, domin su ma jini da tsoka ne.

Hukumar tara kuɗin shiga ta Jihar Katsina za ta iya taimakawa ta hanyar zagaya kasuwannin Funtuwa da Bakori da Malumfashi tun a watan Oktoba, tare da shugabannin 'yan kasuwa, tana koya wa mutane rubuta shige da ficen kuɗinsu wata-wata cikin Hausa. Masu ofisoshi su ma su bambanta kuɗin aiki, wanda ya kawo takardunsa da wuri a rage masa, wanda ya zo a ƙurarren lokaci ya biya ƙari, ƙarin nan kuma ya shiga aljihun yaran da za su kwana a kai. Ɗaliban akanta na manyan makarantun jihar za su yi murna da aikin wucin gadi na wata uku, su sami horo, su kuma rage wa na ciki nauyi.

Ɗaliban da ke shirin shiga wannan sana'a kuwa, shawararmu gare su ita ce su karanta takardar ɗaukar aiki da kyau kafin su sa hannu, su tambayi abin da ta ce game da sa'o'in aiki da hutun mako, tun da dai a yanzu ita kaɗai ce garkuwarsu. Wanda aka koya wa bin diddigin kowane kwabo na dukiyar wani, bai kamata ya bar sa'o'in rayuwarsa ba lissafi ba. Allah ya ba shugabanninmu ikon dubawa, amin.